Arzika da Ƙarfen Riƙe Ƙugiya

A garinmu, Tungar Ɗorawa, in ka nufi gulbi, gidan ƙarshe da za ka wuce shi ne gidan Kawu Labbo. Mutum uku ne a cikinsa lokacin da abin nan ya faru: shi Kawu, da ɗansa Arzika, da Tumba matar Arzika. Akwai babbar 'yarsa Hakama, amma ita tana aure a birni, sai dai ta zo ta yi faɗa ta koma. Ni kuwa sunana Nomau, ɗan ƙanwar Kawu ne, wato ni da Arzika taubasai muke. Kun dai san taubashi, duk abin da ka yi masa wasa ne, ba mai kai ka ƙara. Na samu wannan dama na yi ta ci har na zarce.

Arzika ya ba arba'in baya. Ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, shi kaɗai yake jawo kwalekwale daga ruwa. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauka haka. Yana salla, yana noma, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Abu guda ne: yadda ka ba shi magana haka zai ɗauke ta, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata.

Shi kuwa Kawu masunci ne, amma ba irin na taru ba. Fatsa yake yi, kuma ba ya sa tana a ƙugiya. Gashin zabo yake samu da na wuyan zakara, ya riƙe ƙugiya da yatsu biyu na hagu, ya yi ta naɗa zare da dama, har abin ya fito kamar ɗan kifi ko fara. In rani ya yi, ruwa ya janye ya yi garau, sai ya ja wannan a bayan kwalekwale, giwan ruwa ya taso ya haɗiye. Daga tungaye masu nisa ake zuwa neman ƙugiyarsa. Shi bai san wata rayuwa ba in ba wannan ba.

Wata rana Kawu ya ce, "Arzika, samo mini gashin zabo. Ba na juji nake so ba. Wanda bai taɓa ƙasa ba."

Arzika ya fita da hantsi. Azahar ta yi, shiru. Sai da la'asar ga shi ya shigo da zabon maƙwabcinmu Ɗandare ɗungurungum a bisa kai, ya riƙe ƙafafunsa, zabo na ta kururuwa, ya ɓata masa hula.

Kawu ya ce, "Mene ne wannan?"

"Gashin ne, Baba. Na jira sai da ya hau katanga sannan na kama shi. Amma kada ka ciri na cikinsa, na ga ya kwanta a rairayi. Na wuya ne masu kyau."

Ina zaune a zauren, na ce, "To kada ka sauke shi, taubashi. Yana taɓa ƙasa aikinka ya lalace."

Haka ya tsaya da zabo a ka, Ɗandare ya zo yana masifa, ni ina birgima don dariya. Kawu ya miƙa hannu zai ciri gashi guda don a sallami zabon mutane. Sau biyu yana kai hannu yana kuskurewa. Yatsunsa rawa suke yi. Ran nan na fara lura, amma dariya ba ta bar ni na tsaya a kai ba.

Wata rana, ruwa ya fara janyewa ke nan, Kawu yana ɗauri ƙugiya ta kuɓuce ta shige masa babban yatsa har ƙaya. Sai da wanzami ya tsaga aka fitar. Labari ya kai birni, kwana biyu sai ga Hakama.

Ta ce, "Baba, ya isa. Ga ɗaki can na share maka, ga asibiti kusa. Me kake nema a bakin gulbi da hannu haka?"

Ya ce, "In je birni in yi me? In riƙa ƙirga motoci?"

"Ka huta."

"Wanda ya huta irin wannan hutun ba ya daɗewa, Hakama."

Suka yi ta ja. A ƙarshe ta ce ta ba shi ranin nan. In ya iya aikinsa ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba, ta bar shi. In bai iya ba, mota za ta kawo.

Gado, mai gyaran injin jirgi, shi ya kawo shawara. Ya ce akwai ƙarfe mai baki biyu da hannun murɗawa, su makanikai bais suke ce masa. Ka sa abu a bakinsa ka murɗa, ya riƙe gam. In bais ya riƙe ƙugiya, hannun Kawu ba shi da aiki sai naɗa zare. Fuskar Kawu ta washe. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin kaka.

Wata rana, ranar kasuwar Laraba, Kawu ya ba Arzika kuɗi ya ce, "Ka zaɓi mai ƙarfi. Kada ka saya sai ka gwada. Ka sa masa abu ya cije, ka ja da ƙarfinka. In ya saki, ba shi ba ne."

Na ce zan raka shi. Kawu har da sa mini albarka.

Muka sami rumfar wani mai tsofaffin ƙarafa, mutum mai ƙiba, ya sha babbar riga sabuwa fil, shuɗiya, ko ina zai je daga kasuwar oho. Ga bais guda ɗaure a jikin teburinsa. Ya juya baya yana ciniki da wani.

Arzika ya ce mini a hankali, "Me zan sa masa?"

Na ce, "Abin da ya fi kusa da kai mana."

Abin da ya fi kusa da shi gefen rigar mutumin ne. Ya ɗauka cikin ladabi, ya sa a bakin bais, ya murɗa. Sannan ya kama rigar da hannu biyu ya ja. Kun san jan Arzika. Rigar ta tsage tun daga ƙasa har hammata, mutumin ya zauna daɓas cikin kwandon kusoshi. Da ƙyar dattawan kasuwa suka raba. Kuɗin bais ya tafi wurin ɗinki da ban haƙuri.

A gida Arzika ya ce, "Baba, na samu mai kyau. Bai saki ba, riga ce ta saki. Amma mai shi ya ce ko gawarsa ba za ta sayar mini ba."

Kawu ya dube ni. Na sunkuyar da kai kamar mai jimami, alhali cikina ciwo yake don dariya. Mako guda ya tafi.

Wata rana Kawu ya sake aikensa, wannan karon shi kaɗai. Ya ce, "Ka bar ja. Ka duba mai nauyi, wanda ba zai riƙa yawo a kan benci ba."

Na tare shi a bakin gari na ce, "Ka gane nauyin da Kawu yake nufi? Wanda mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba."

Ya ce, "Ka kyauta da ka faɗa mini."

To, matsalar ita ce mutum ɗayan da zai yi gwajin Arzika ne. Ya bi rumfuna yana ɗaga kowane bais da hannu guda yana ajiyewa, yana cewa ba shi ba ne. Kwana uku yana haka, kasuwa uku. A rana ta huɗu ya sami wani mai waldar manyan motoci da zai tashi daga gari, yana da wani shirgegen bais haɗe da gindinsa na ƙarfe. Arzika ya yi nishi ya yi nishi, bai ɗagu ba. Ya yi murna. Da amalanke aka kawo shi, shanu biyu suna ja, rabin gari na biye.

Kawu ya zagaya shi da sanda ya ce, "Wannan ai ƙugiyar kama dorina zai riƙe." Duk da haka ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin taba, ya ciro ƙugiya ɗaya ya sa a bakin. Ya ce, "Murɗa har ya tsaya."

Arzika ya murɗa. Ƙugiyar ta baje, ta ce ƙas. Shi bai daina ba sai da hannun ya tsaya.

Aka kira la'asar. Kawu ya ajiye gwangwanin ya tafi alwala.

Na ce, "Taubashi, wataƙila waccan ce ba ta da ƙwari. Gwada sauran."

Biyar suka rage, ya gwada su duka, ɗaya bayan ɗaya. Ni na ɗauka ƙugiyoyin kasuwa ne, irin waɗanda ake zubawa a faranti. Ashe aikin wani maƙeri ne abokin Kawu tun suna samari, wanda ya rasu da daɗewa, kuma su ke nan suka rage a duniya. Kawu ya dawo ya durƙusa yana tsince gutsattsarin daga ƙasa, hannu na rawa, yana kamawa suna zubewa. Ban yi dariya ba ran nan. Amma ban kuma ce ni na sa ba.

Da ya miƙe ya ce wa Arzika, "Mayar musu da abinsu. Ƙarami nake so, wanda zai riƙe allura bai karya ta ba. Kuma kada ka dawo gidan nan sai da shi."

Wata rana, wato washegarin wannan, na gamu da Arzika a tasha da ƙunshin ɗumame a hannu. Nan ne na yi abin da ya fi duka. Na san akwai ƙaramin bais a kasuwar Laraba wurin wani mai gyaran rediyo, don Gado ya faɗa mini da bakinsa. Tafiyar rabin yini ce. Da na faɗa masa, kafin magariba ya dawo. Amma na gan shi tsaye yana waige-waige, sai halin ya motsa.

Na ce, "Irin wanda Kawu yake so sai Tudun Maƙera, wurin maƙeran fari masu yin zobe da 'yan kunne."

Ya ce, "Da nisa?"

"Nan ne kusa. Mota uku kawai."

Ni a lissafina zai hau ta farko, kuɗi su ƙare, yunwa ta koro shi. Na manta da maganar Kawu ta ƙarshe. Shi bai manta ba.

Mako na farko ina ba abokai labari a majalisa muna dariya. Mako na biyu na daina bayarwa. A na uku na saci jiki na je wurin mai gyaran rediyo, ya ce ai ya sayar tun shekaranjiya. Ruwa ya yi garau, masunta suna cewa giwan ruwa na wasa a ƙasan kwata, wato matsayar jirage, kamar a kama da hannu. Kawu yana zaune a ƙofar gida, ba bais, ba mai tuƙa masa kwalekwale, ba ɗa. Duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Aka je asibiti aka duba, aka je ofishin 'yan sanda. Har da ni a cikin masu neman, ina tambayar mutane hanyar da na san bai bi ba.

A mako na shida na sami Tumba tana tankaɗe, na tsuguna na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Ka san inda yake tun ran farko?"

Na ce, "Na sani."

"Ka ci tuwon gidan nan sau nawa a kwanakin nan, Nomau?"



Sannan ta ce, "Tashi ka je ka dawo da shi."

Wata rana da hantsi na isa Tudun Maƙera. Ban sha wahalar nema ba, kowa ya san ƙaton baƙon da yake zuga wa wani tsohon maƙeri, Baba Jatau, wuta. Na same shi zaune a ƙasa da zuga-zugi, ya rame, gira ta ƙone. Ga wani ɗan bais a jikin kututturen tsohon, bai fi tafin hannu ba, baƙi, bakinsa sumul.

Ya gan ni ya yi murmushi ya ce, "Taubashi, ka yi gaskiya. Ga shi nan. Ya riƙe allura, na gwada."

Na ja tsohon gefe na tambaye shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ɗana, ya zo ya ce in sayar masa, na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙi tafiya. Don in kore shi na ce in ya yi mini zuga har ruwan farko ya sauka, na ba shi kyauta. Wasa nake yi. Na zaci yini ɗaya zai yi ya gudu."

Na ce, "Ni ma da wasa na turo shi."

Muka tsaya ni da tsohon, kowa na kallon wani wuri daban. Da na ba shi labarin Kawu, nan take ya ɗauko sifana ya kwance bais ɗin ya miƙa wa Arzika.

Arzika ya ce, "Ruwa bai sauka ba."

"Na yafe sauran kwanakin."

"A'a, Baba. Ka ce har ruwan farko."

Na roƙe shi, tsohon ya roƙe shi, aka kira limamin unguwa ya yi masa bayani. Ya saurara da ladabi ya koma kan zugarsa. Kwana tara muka ƙara. Ni da ban taɓa son aiki ba, na riƙa karɓarsa zuga muna kallon gabas. Ran da aka yi yayyafin farko ya fita ya tara hannu, ya tabbata ruwa ne, sannan ya karɓi bais ya naɗe a rawaninsa.

Kafin mu iso gida an yi ruwa biyu masu ƙarfi. Gulbi ya yi ja, giwan ruwa ya koma zurfi. Rani ya wuce ke nan, Kawu bai ɗaura ƙugiya ko ɗaya ba. Muka same shi a ƙofar gida, wuyansa ya zama kamar na tulu. Ya dubi Arzika ya daɗe, ya ce, "Ka ci abinci?" Ni kuwa ya ce mini, "Sannu da hanya, Nomau." Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan.

Hakama ta zo ta ga yadda ya koma. Ta ce ba sauran magana, da an gama kaka za ta zo da mota.

Wata rana cikin damina aka ɗaura ɗan bais ɗin a jikin bencin zaure. Ya riƙe ƙugiya yadda ake so. Amma bencin ƙafarsa ɗaya gajera ce, in Kawu ya dafa shi rawar hannun sai ta bi katako, ƙugiya ta yi ta kaɗawa. Aka sa dutse a ƙarƙashi, bai hana ba. Ga zauren da duhu, zare baƙi, ido ya tsufa. Ya yi kwana uku yana fama, abin da ya fito kamar kazar da ta faɗa miya. Ya ture shi ya ce, "Arzika, ɗauke abin nan daga gabana. Ka kafa shi inda ba abin da zai girgiza shi. Ni na gaji." Daga nan ya fara raba kayan fatsarsa, alamar ya sallama.

Arzika ya shiga neman inda ba ya girgiza. Ya ture turmi, ya motsa. Ya dafa ginshiƙin rumbu, Tumba ta yi masa tsawa. Ya sa kafaɗa a bangon zaure, wani ɓangare ya zubo. Ya zauna yini guda a gindin tsamiyar masallaci, da iska ta taso ya ga rassa na kaɗawa, ya tashi ya ce ita ma ba ta tsaya ba. Haka ya yi ta yi har aka yanke gero.

Da ruwan gulbi ya fara janyewa, wani falalen dutse ya fito a gefen kwata, inda masunta ke ɗaure jirage. Arzika ya tura shi da kafaɗa. Ya ɗaura masa igiya ya sa shanun noma suka ja. Da ya gamsu, sai ya aro guduma da ƙarfen fasa dutse, ya yi kwana huɗu yana sarar rami, ya samo siminti wurin magini.

Na gan shi zai gangara da bokitin kwaɓi a hannu, bais a aljihu. Na sha gabansa. Wallahi karon farko ke nan a rayuwata da na ba shi shawara tsakani da Allah.

Na ce, "Arzika, tsaya. Dutsen nan ruwa yana rufe shi duk damina. In ka kafa shi nan, ba mai iya cirewa. Kawu ko birni zai je, ai gara ya tafi da abinsa."

Ya ajiye bokiti, ya sa yatsu a kunnuwansa.

Na ce, "Me kake yi haka?"

Ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Tumba ta ce kada in ƙara jin maganarka."

Ya jira sai da bakina ya daina motsi, ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Wata rana, ranar da Hakama ta ce za ta zo, Kawu ya ce a kawo masa bais ya sa a jaka. Tumba ta rasa yadda za ta yi, ta faɗa masa inda yake. Ya ɗauki sanda ya gangara kwata don ya ga wautar da idonsa, muna biye. Ga ɗan bais can a tsaye a tsakiyar dutse, gindinsa ya nutse cikin siminti, kamar tsiro. Masunta suna ta dariya. Wani ya ce Arzika ya buɗe wa kifi gareji.

Kawu ya gaji da gangara, ya zauna a wata 'yar tanƙwara ta dutsen don ya huta kafin ya yi faɗa. Sai ya zamana bais ɗin daidai ƙirjinsa. Ya kai hannu ya girgiza shi, ko gezau. Ya ɗora gwiwar hannunsa a kan dutse. Na ga ya dubi yatsunsa. Suna rawa, amma kaɗan, don dutse ya ɗauke nauyin hannun. Ga hasken safiya daga sama, ga wani daga ruwa.

Ya ce, "Wa yake da ƙugiya?"

Aka miƙo. Wani ya ruga ya kawo jakarsa. Ya matse ƙugiya, ya kama zare da haƙori ya tsinke, ya fara naɗi. Dariya ta tsaya. Mutanen da shekara da shekaru suke sayen abin nan ba su taɓa ganin yadda ake yinsa ba, don a zaure yake yi, suka matso suka tsuguna. Yana cikin ta uku mota ta yi ƙaho a sama.

Hakama ta gangaro da takalmi a hannu, direba na biye. Ta ce, "Baba, an sa kaya. Tashi."

Bai ɗago ba ya ce, "Bari in gama wannan."

Ta ce wa direba ya kwance ƙarfen a tafi da shi. Ya zagaya da sifana ya rasa inda zai kama, notin duk suna cikin siminti. Ya ce, "Hajiya, sai dai a tafi da dutsen."

Ta juya kan Arzika. "Wa ya ce ka kafa shi a nan?"

"Baba ne, Yaya. Ya ce inda ba abin da zai girgiza shi."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya kai kan ƙugiya biyu da ke jere a kan dutse, gashin zabo ya kwanta luf, zare ya zauna daidai. Ta duba yatsun tsohon, ba jini. Ta tsaya tana kallonsa yana faɗa wa wani masunci cewa ba haka ake kama gashi ba, da irin muryar da ya daina yi tun bara. Ta daɗe a tsaye.

Can ta ce, "Dutsen nan har yaushe yake a waje?"

Arzika ya ce, "Har ruwa ya rufe shi."

Ta sa takalminta ta ce, "To ran da ruwa ya rufe shi zan zo in ɗauki Baba. Ran da ya fito in dawo da shi. Kada wanda ya ce mini ban yi adalci ba." Ta sa direba ya sauke kaya.

Haka aka yi. In damina ta kawo kai, Gado ya shafe bais da giris ya naɗe shi da robar taya, Kawu ya tafi birni ya sha maganinsa yana ƙorafi. In ruwa ya janye, kafin dutse ya bushe ya iso. Mutum huɗu suka koyi ɗaurin a wurinsa a kan dutsen nan, abin da a zaure ba wanda zai koya. Rani biyu ya yi haka. A na uku ruwa ya janye, bais ya fito, Kawu kuwa tun tsakiyar damina aka binne shi a birni.

Mutane suna ce mini in daina sa abin a rai, ai ƙarshensa ya yi kyau. Ni dai na san tsohon rani uku suka rage masa, na cinye masa ɗaya don in ba majalisa dariya.

Kwanan baya na sami Arzika a kan dutsen yana goge bais da tsumma. Ba kowa sai mu biyu. Na zauna kusa da shi, na ce, "Taubashi, akwai abin da na daɗe ina so in roƙe ka."

Ya ajiye tsumma, ya yi mini murmushi, ya sa yatsu a kunnuwansa. Na faɗa duk da haka, tun daga rigar mai ƙarafa har Tudun Maƙera. Ya zauna yana kallona cikin haƙuri, har sai da bakina ya daina motsi.